Goggo Mai Madubin Likita

Goggo ta rasu wata Talata da hantsi, a ƙarshen shekarar 2011, a ɗakinta na sama a gidanta na unguwar Ammariyya, cikin Jidda. Kafin azahar tsakar gida ta cika da mata. Wasu daga Sharafiyya suka zo, wasu suka naɗe tabarmar tallarsu a Bab Makka suka taho da ƙullin gyaɗa a hammata. Duk wadda ta shigo sai ta kama hannuna ta ce, "Azzamallahu ajrakum," ta nemi wuri ta zauna ta yi shiru. Shirun nan ba na baƙin ciki ba ne. Kowacce tana lalube ne a ranta ko za ta samo kalma ɗaya mai daɗi ta faɗa a kan mamaciyar, abin ya gagara.

Matar liman ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah ce mai tsabta."

Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke jingine da bango ta ce, "Tsabta kam, ba a magana. Ni ma nan ta taɓa share ni ta zubar waje."

Dariya ta kuɓuce wa wata, ta yi maza ta cusa bakin abaya a baki. Mace ɗaya ce ta yi kuka tsakani da Allah, wata yarinya da ta zo Umara ta maƙale, wata biyu kacal da shigarta gidan. Ba ta kai ga sanin Goggo ba.

Da aka gama wanka aka sa ta a likkafani, matar liman ta juyo wajena. "Ya binti, ke ce 'yarta. Ki ce kin yafe mata mu shaida, kafin maza su shigo su ɗauka."

Na tashi na ce bari in duba shayi. Ina kicin ina juya cokali a butar da ba sukari aka fita da ita.

A garin nan mata ba sa shiga maƙabarta, kabari kuma ba a rubuta masa suna. Goggo ba ta haihu ba. Nan da shekara biyar waɗannan matan za su watse, wasu tarhil, gidan da ake tsare marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu, ya kwashe su, wasu ƙasa ta rufe su, a wayi gari ba wanda ya san an taɓa yin ta. Na ƙi ta yadda ban taɓa ƙin mutum ba, amma ba zan yarda a manta da ita ba. Shi ya sa na zauna nake rubutu, ko Allah zai sa in gano abin da ya hana bakina buɗewa ranar nan.

Yayar mahaifina ce. A gida malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, a zamanin da ake ƙirga irinsu da yatsun hannu ɗaya. Aure biyu ta yi, duka suka mutu a kan rashin haihuwa. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, dangi ne ke riƙonsa. Ana yaye ni Baba ya ɗauke ni ya ba yayarsa. A Hajjin 1976 suka zo tare da ni, ina da shekara huɗu. Da aka gama aikin Hajji ta ce wa Baba ya yi gaba, za ta biyo jirgin ƙarshe. Jirgin ƙarshe ya tashi tana ɗakin haya a Ammariyya tana yi mini kitso. A Jidda ba mai ce mata juya, ba kuma mai tsallako katanga da yamma ya ce a ba shi yarinya ta je ta gaida uwarta.

Na tashi ina ce mata Umma. Ban san wata Umma ba.

Ta samu aikin wanke kwalabe da gilasai a wurin awon jinin wani likita Bamisire a Sharafiyya, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mata. Macen da ta koyar da aji arba'in ta koma goge fitsarin mutane. Ba ta taɓa kawo kuka a kan haka ba, sai dai ta huce a kaina. Wata rana likitan ya sayo sabon madubin likita, ya ce a jefar da tsohon. Goggo ta naɗe shi a zani ta goyo shi a baya kamar jariri ta kawo gida.

Madubin nan da hasken rana yake aiki, don haka duk Juma'a da safe muna saman soro. Ta ɓare albasa, ta zare wannan siririyar fatar ta ciki, ta ɗiga mata aidin, ta danna ƙeyata a kan madubi.

"Me kika gani?"

"Ɗakuna, Umma. A jere kamar bulo."

"Kowane ɗaki ƙwayar halitta ce. Ke ma da irinsu aka gina ki. Baƙin ɗigon nan fa?"

In na yi shiru sai ranƙwashi. A ranƙwashi na haddace su duka, kuma da sunayen da ita ta raɗa musu, don ta ce ilimin da bai shiga Hausa ba aro ne. Baƙin ɗigon nan shi ne cibiya, a nan ake ajiye littafin umarni, daga nan ake faɗa wa kowa aikinsa. Abin da ya kewaye ɗakin shi ne tantani, shi ke zaɓar mai shiga da mai fita. Akwai waɗanda madubinmu bai isa ya nuna ba, waɗannan sai ta zana su da biro a bayan takardar da aka naɗo burodin tamis. Akwai murhu, inda ake ƙona abinci a fitar da ƙarfi. Akwai teloli, ƙanana birjik, su ke ɗinka abin da jiki ke ginuwa da shi. Akwai mai ƙulli, wadda ke karɓar abin da teloli suka ɗinka ta ƙulle ta aika inda ake bukata. Akwai randa mai ajiye ruwa. Sai jakar shara, wadda ke narkar da duk abin da ya tsufa ko ya lalace a cikin ɗakin.

Da a nan ta tsaya, da yau ina yi mata kirari. Amma da ta kama gidan gaba ɗaya ta fara zuba mata 'yan haya, masu talla da masu aikatau, duk marasa takarda, sai ta raba musu sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ita ce Cibiya, wannan ba gardama. Wasu 'yan Chadi biyu masu keken ɗinki su ne Teloli. Wata mai jiki da ba ta son motsi ita ce Randa. 'Yar Damagaram, mai girkin gida, ita ce Murhu. Wata gurguwa kuma mai cin ragowar kwano ta zama Jakar Shara, kuma da sunan nan aka yi ta kiranta har ta mutu, yaran unguwa ma sun ɗauka shi ne na yanka. Makullin ƙofar gida yana ɗaure a bakin zanin Goggo, ta ce tantani ba a ba wa wawa amanarsa.

Na taɓa tambayarta ni mece ce a ciki. Ta dube ni ta ce, "Ke ba sashe ba ce. Ƙwaya ba ta naƙuda, rabuwa take yi biyu. Ke ce rabin da na rabu na zama." Ranar na kwana da murna, Allah ya sani.

'Yar Damagaram ta yi shekara goma sha takwas tana hura wa gidan nan wuta. Sai idonta ya fara hazo. Ta zuba gishiri a kunu sau ɗaya, ta ƙona shinkafa sau biyu. Goggo ta tara mu a tsakar gida da tsakar rana ta yi mana darasi, muryarta a kwance kamar tana aji. Ta ce in murhu ya tsufa a cikin ƙwaya ba a lallashinsa, jakar shara ake turawa ta haɗiye shi, in ba haka ba guba zai riƙa zubarwa. Sai ta juya ga gurguwar nan ta ce, "Yalla, yi aikinki." Baiwar Allah tana jan gindi tana kuka ta riƙa fitar da tukwanen ƙawarta waje ɗaya ɗaya. 'Yar Damagaram ta durƙusa ta kama ƙafar Goggo.

"Hajiya, ina za ni? Don Annabi, ko soro ne ki bar ni."

"Halas," in ji Goggo. Ta zare ƙafarta ta murza makulli.

Zan faɗi alherinta, don kada ranar gobe a tsayar da ni a kan na ɓoye. Akwai yaron maƙwabta da hannuwansa da ƙafafunsa suke kumbura, ya yi ta tsala ihu. An ce mayu, an ce iska, an yi turare har ɗakin ya yi baƙi. Goggo ta shiga ba sallama, ta soki yatsansa da allura, ta hau soro da ɗigon jinin. Ta kira ni in gani. Ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne, nasa kuwa da yawa sun lanƙwashe kamar lauje. Ta sauko ta saɓa yaron a kafaɗa, rana tsaka, a makon da ake kame, ta ratsa titi ta wuce ta gaban motar jawazat, masu kamen marasa takarda, ta kai shi wurin Bamisiren. Da an tsayar da ita, shi ke nan tata ta ƙare. Yaron nan yau magidanci ne. Amma da ta dawo da shi sai ta tsaya a ƙofar iyayensa ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ta ce jininsu ruɓaɓɓe ne su biyun, in suna da imani su daina haihuwa. Uwar ba ta ƙara gaishe ta ba, ba ta kuma zo makoki ba.

Ina da shekara goma sha shida, bayan ƙaramar Sallah ta 1988, aka ƙwanƙwasa ƙofa da la'asar. Goggo ta leƙa, sai ta fita ta ja ƙofar a bayanta. Na hau sama na leƙa ta tagar katako. Wata mace ce siririya, cikin atamfa ruwan ɗorawa da gyale, riƙe da leda. Duk wanda ya kwana biyu a Jidda ya san ba a fita haka. Baƙar abaya ita ce takardar marar takarda, cikinta kake ɓacewa. Wannan kuwa ko makaho ya san sabuwar zuwa ce.

Na ji tana cewa, "Yaya, ba karɓar ta na zo yi ba. Yarinyar nan kawai nake so in gani."

Ba ta faɗi sunana ba. A nan jikina ya ba ni, don duk duniya mace ɗaya ce ba za ta iya faɗinsa ba.

Goggo ba ta bar ta ta shigo ba. Kwana uku matar nan tana zuwa ta zauna a dakalin da ke kallon ƙofarmu, tun hantsi har magariba. Ashe Baba ya rasu, ta sayar da gadonta ta zo Umara, ranar komawarta ta wuce tana neman gidanmu. Ni kuma an kulle ni a sama. Na yi kuka, na ƙi abinci, na ce in ba a buɗe ba zan faɗo ta taga.

Rana ta uku Goggo ta fita da fara'a da kwanon shinkafa. Na ji ta da kunnena. Ta ce gidan cike yake da idon mutane, ta bari gobe da hantsi su haɗu a tashar mota ta Bab Makka, za ta kawo ni mu wuni tare. Ta ce, "Ki sa wannan atamfar taki, kar ki rufa da komai, don ta gane ki daga nesa." Da ta shigo kuma ta leƙa ɗakin masu talla ta ce gobe kada wadda ta fita. Ban haɗa maganganun biyu ba. Hankalina yana kan kayan da zan sa.

Washegari muka fita cikin abaya da niƙabi, ba abin da ake gani sai ido. Goggo tana riƙe da wuyan hannuna. Bab Makka ta yi wani irin fayau, ba mai tallar gyaɗa ko ɗaya. Muka tsaya a tsallaken titi a inuwar wani shagon yadi. Ga ta can ita kaɗai, rawaya shar a tsakiyar rana, tana waige-waige, ta rungume ledarta a ƙirji. Na yunƙura, Goggo ta matse hannuna ta ce in dakata.

Motar jawazat ta shawo kwana a hankali ta tsaya a gabanta. Mutum biyu suka sauko. "Iƙama, ya hajja." Ba ta jin Larabci. Ta yi ta nuna musu titi da hannu, tana cewa wata take jira, yanzu za ta zo.

Sai Goggo ta saki hannuna. Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "Ga uwarki can. Ki kira ta. Ke ma ba ki da takarda, za su haɗa da ke, ku tafi tare har gida. Ban riƙe ki ba."

Na buɗe baki. Na tuna labaran tarhil, da ɗakin da ake cusa mata ɗari, da ƙasar da ban san ko titi ɗaya a cikinta ba. Na dubi matar nan, ban san fuskarta ba, ban san me zan ce mata ba. Na rufe bakin ban kira ta ba. Aka tura ta mota. Kafin a rufe ƙofar ta bi matan da ke tsallake da kallo, duk baƙaƙe iri ɗaya, idonta ya bi ta kaina ya wuce. Ko a nan ba ta kira sunana ba.

A hanyar gida Goggo ta tsaya ta sayi tamis da ful, dafaffen waken nan, har tana taya mai gashi hira. Da muka shiga ta ce, "Kin gani? Abin da ba na ɗaki ba, tantani ke tare shi. Kuma ban zaɓar miki ba, ke kika zaɓa."

Daga ranar ban sake ce mata Umma ba. Goggo nake ce mata, in ja kalmar yadda za ta ji. Na yi aure, na haifi 'yata, na bar gidan. Bayan shekara bakwai wani alhaji ya kawo kaset daga gida, ƙanina da ban taɓa gani ba yana sanar da ni mahaifiyarmu ta rasu. Ya ce ba ta taɓa zargina ba, ta ɗauka Goggo ce ta makara. Takarduna ba su gyaru ba sai bayan shekara biyu da binne ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Goggo ba ta yi ƙarya ba. Ta saki hannuna. Da ta riƙe ni da ƙarfi, da na samu wanda zan ɗora wa laifin duka in huta.

Da ciwo ya kwantar da ita ni na dawo na yi jinyarta, don ba wanda zai yi. Wata bakwai ina wanke ta ina juya ta, ban gajarta mata a komai ba, ban kuma yi mata hira ba. Ita ma ba ta nemi gafara ba, ba halinta ba ne. Ranar Litinin da safe ina ba ta kunu sai ta ture cokalin.

"Akwai darasin da ban ba ki ba," in ji ta. "Murhu."

"Na san murhu, Goggo. Sha kunu."

"Ba ki sani ba. Bamisiren ne ya nuna mini a wata mujalla tun kina ƙarama, na ɓoye miki." Ta yi numfashi da ƙyar. "Cibiya rabi na uba ne, rabi na uwa. A can ina da ɗan rabo a jikinki ta wajen ubanki. Amma murhu daga uwa kaɗai ake gadonsa. Na namiji ba ya wucewa. Duk motsin da kika yi, duk numfashi, ita ce take hura miki wuta a kowace ƙwaya. Ta ba ki, kin ba 'yarki. Nawa kuwa a kaina zai mutu."

Na mayar da cokalin cikin kwanon.

"Kin ga ita ba abin da na raba ta da shi. Tana cikinki ko ta gan ki ko ba ta gan ki ba. Ni ce in kin fita ƙofa ba ni da komai."

Shekara ashirin da uku ina jiran ta yi maganar, ashe in ta tashi yi ma lissafin ilimi za ta kawo mini. Na ji tausayinta, na kuma ji kamar in kife mata kwanon a fuska. Ta kamo bakin hannun rigata da yatsu biyu. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

"Kira ni yadda kike kira na a soro. Sau ɗaya."

Na san abin da take roƙo, kuma ba zai rage ni da komai ba. Kalmar ta zo har kan harshena. Na dube ta ido cikin ido na ce, "Goggo."

Ta saki rigar. Sai ta yi murmushi, irin wanda take yi in na ba da amsa daidai ba tare da ranƙwashi ba.

"Madalla," in ji ta. "Ba a sa wa abu sunan da ba nasa ba. Ni na koya miki."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ƙara magana da kowa ba har washegari da hantsi.

Allah, ga baiwarka nan ta zo, ka fi ni sanin abin da ta aikata da abin da aka yi mata. Ka sassauta mata, ka yalwata mata makwanci, wannan ina roƙa da zuciya ɗaya. In ka tashi yi mata hisabi a kan rashin tausayi kuma, ka sa ta jira ni. Tarbiyyarta ta kama, tare ya kamata a tambaye mu.